Shekarar da Aka Ce Damisa Ta Shigo Gari

Ƙauyenmu yana gefen dajin Falgore ne, ta ɓangaren Tudun Wada, ba nisa da titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Saminaka ya nufi Jos. Da muna yara, ganin gada ko gwanki a bakin gona ba labari ba ne, zabin daji kuwa garke-garke suke kiwo a saura bayan an yi girbi. Abin da ya sauya mana lissafi shi ne shekaru biyu da suka zo a jere: annobar bushiya ta 1983 da ta karkashe shanu, sai farin 1984. Damina ta yi gardama, dawa ba ta yi ido ba. Makiyaya daga arewa suka gangaro da ragowar dabbobinsu suka kutsa cikin dajin, mutanen gari kuma yunwa ta kora su farauta. Wanda bai taɓa riƙe gora ba ya riƙe. Aka yi ta cinna wa daji wuta don a kori zomo da gafiya, har ya zamana da dare sararin kudu ja wur yake.

Cikin hunturun da ya biyo baya ne zabin Inna suka fara ɓacewa. A kan tsamiyar bayan gida suke kwana, kullum gari ya waye sai a tarar da gashi warwatse a gindinta. Aka ce muzuru ne, ba wanda ya damu. Sai ranar da aka tsinci ɗan akuyar maƙwabcinmu a bayan danga, an kama shi a maƙogwaro, an cinye cinya guda, an bar saura. Kafin hantsi magana ta gama gari: damisa ta shigo. Mata suka daina zuwa rafi sai da rakiya. Aka hana mu kiwo. Wasu kuma, a ƙasa-ƙasa, suka ce ba dabba ba ce, mutum ne yake rikiɗa, har aka fara kallon wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari. Wannan ne ya tayar wa mai gari hankali fiye da akuyar, domin ya san inda irin wannan zancen yake kaiwa. Ya aika aka kira Sarkin baka.

Tsoho ne a lokacin, ido ya fara raguwa, amma ƙasa yake karantawa. Muka bi shi a baya, mu yara, ana korarmu muna dawowa. Ya tsuguna a inda raɓa ta jiƙa yashi, ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya miƙe ya dubi mai gari.

"Ranka ya daɗe, wannan ba damisa ba ce. Kuma ba mutum ba ne. Messo ne."

Samari suka fara gunaguni, domin yawancinsu ba su taɓa jin sunan ba. Shi kuwa ya jawo ni ta hannu, don ni ne mafi kusa da shi, ya ce, "Zo nan, yaro, sa hannunka." Na ɗora tafina a kan sawun, ya rufe shi ruf. Ya ce sawun damisa sai tafin babban mutum. Ya nuna mana gaban yatsun, babu alamar ƙumba ko ɗaya. Kura da kare da dila duk suna barin ƙumba a ƙasa, in ji shi, amma dangin mage suna ɓoye nasu sai za su kama abu. Ya ƙara da cewa damisa ba za ta kashe ɗan akuya ta ci a bayan danga ba, ɗauke shi za ta yi gaba ɗaya ta hau bishiya ko ta shige dutse da shi. Shawararsa gajeriya ce: a riƙa shigar da awaki ɗaki da dare, a kama zabi a sa a akurki, in abin ya rasa abinci a gari zai koma inda ya fito.

Na gan shi da idona ba da daɗewa ba. Mun fita da Kawu da sassafe ɗebo kara, hazo ya rufe ko'ina. Wasu zabin daji suna tona a gindin wata ɗorawa, sai kawai suka tashi firgigit. Daga cikin ciyawa wani abu ya yi tsalle sama, ya wuce tsawon Kawu nesa ba kusa ba, ya make ɗaya da hannu tana cikin tashi, suka faɗo tare. Kawu ya damƙe kafaɗata. Abin ya ɗago kai da zabuwar a bakinsa ya dube mu. Jikinsa ja ne kamar sabuwar tukunya, babu zane, babu ɗigo. Ya fi kowane muzuru girma, amma bai kai babban karen farauta ba. Wutsiyarsa gajeriya. Kunnuwan ne ba zan taɓa mantawa ba: dogaye, baƙaƙe ta baya, kowanne da tukkun baƙin gashi a tsininsa yana motsi. Bai yi gurnani ba, bai nufo mu ba. Ya juya ya shige ciyawa da abincinsa.

Kawu ya ce, "Ka ga ikon Allah." A hanya ya gaya mini rabonsa da ganin irinsa tun yana saurayi, kuma a can tsakiyar daji, ba a bakin gona ba.

Samari ba su bi ta Sarkin baka ba. Suka haɗa kuɗi maƙeri ya ƙera musu tarko, suka ɗaure ɗan tsako a kusa. Messon ya kamu ta ƙafar gaba, suka gama da shi da gora, suka rataye shi a sanda suka zagaya gari da kiɗa. Sarkin baka bai fito ba. Fatar kuwa wani mai sayen fatu ya saya ya yi Kano da ita. Ba na ganin laifin maƙwabcinmu da ya fi kowa murna, domin a shekara irin wannan ɗan akuya shi ne kuɗin magani, shi ne kwanon dawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda labarin ya girma. Ranar kasuwa na ji wani yana rantsuwa cewa a garinmu an kashe damisar da ta cinye yaro. Na ce masa ina wurin, ba haka aka yi ba. Ya ce yaro bai san komai ba.

Bayan na zama malamin firamare an tura ni wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Tiga, inda ake noman rani a fadama. Can ma wata rana aka zo ana ihu an kashe ɗan damisa a gonar shinkafa. Na je na gani. Wannan karon dabbar tana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kan jiki ruwan ɗorawa, shi ya sa aka ruɗe. Amma ƙafafunta dogaye ne ƙwarai, kanta ƙarami, kunnuwa manya, wutsiya gajeriya. Damisa wutsiyarta doguwa ce, jikinta kakkaura, zanenta kuma zobe-zobe ne, ba ɗigo ba. Wannan wata magen daji ce da ke zama inda ruwa da doguwar ciyawa suke, kuma abincinta ɓeraye ne da kwaɗi da ƙananan tsuntsaye. Da kunne take farauta, ta tsaya cik ta saurara, sannan ta daka tsalle ta dira a kan ɓera. Na ce wa mai gonar, "Baba, mai gadinka aka kashe maka." Ya ce, "Malam, yau ɓera take ci, gobe fa?" Ban iya sauya masa ra'ayi ba. Shi tsoron ransa yake ji, kuma babu wani tsohon maharbi a garin da zai tsuguna ya nuna masa bambanci.

A ganina nan ne asarar take. Waɗannan dabbobi ba baƙi ba ne a ƙasar nan, mu ne muka daina saninsu. Sarkin bakanmu ya sha ba mu labarin damisa a duwatsun Riruwai da ƙuruciyarsa, ni kuwa har na yi furfura ban ga damisa a daji ba, sai a gidan zu na Kano. Zaki ma a duk Najeriya ba a maganarsa yanzu sai a Yankari da dajin Kainji. Binciken da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kaf ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a gandun dajin da ya haɗa iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso. Tun 1985 akwai dokar tarayya da ta hana fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa, amma mutumin da aka cinye wa akuya bai taɓa jin labarinta ba, kuma ba wanda zai biya shi. Manyan sun tafi, ƙananan da suka saura su ake kashewa da sunan manyan.

Falgore ta yau ba wadda na sani ba ce. Motocin gawayi da na itace sun ci rabonsu, ɓarayin shanu sun yi zamaninsu a ciki, har sojoji suka mayar da wani sashe filin atisaye a 2017. Labari kuma ya koma waya. Sai ka ga an turo hoto a WhatsApp an ce damisa ta shiga gari kaza, in ka duba da kyau wani lokaci ma ba a ƙasar nan aka ɗauke shi ba.

Kwanan baya ɗan ƙanena ya kira ni daga gida, ya ce kaji suna ɓacewa, an ga wani sawu a bakin rafi, samari na shirin farauta. Na ce ya ajiye kwalin ashana kusa da sawun ya ɗauko mini hoto. Ya turo. Babu ƙumba, faɗinsa kuma bai fi tsawon kwalin ba. Na ce, "Ɗana, je ka gaida mai gari, ka ce na ce ba damisa ba ce, a rufe kaji da awaki da dare, a bar shi." Na kuma roƙe shi kada ya tura wa kowa hoton, don kada masu sayen fata su ji.