Rigimar da muka yi a fada kan sarauniyar da ba tamu ba

Akwai wata rigima da ta tashi a fadarmu ta shayi, nan Yamai, cikin watan Mayu na shekarar 2019, wadda har yau ban gama juya ta cikin raina ba. Ba kan kuɗi aka yi ta ba, ba kan siyasa ba, ba kuma kan mace ta unguwa ba. An yi ta ne kan wata sarauniya da ba a taɓa haihuwa ba, ta cikin wasan talabijin na Amurka mai suna Game of Thrones, wanda masu Faransanci suka fi sani da Le Trône de fer, wato karagar ƙarfe. Wanda bai kalli wasan ba zai iya cewa aikin banza ne manyan mutane masu iyali su ɓata da juna kan almara. Ni ma na faɗa ma kaina haka a lokacin, amma abin da na gano game da kaina a ƙarshen rigimar ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi.

Ga wanda bai san wasan ba, ga taƙaitaccen bayani. Wani marubuci Ba'amurke, George R. R. Martin, ya fitar da littafi na farko na wannan labari a 1996, na biyar kuma a 2011. Labarin gidajen sarauta ne da ke yaƙi kan karaga ɗaya a wata nahiya ta almara mai suna Westeros, inda ake da mayaƙa da fadawa da munafukai, da matattu masu tafiya, da dodanni masu fiffike masu aman wuta. Gidan talabijin na HBO ya mayar da shi wasa, David Benioff da D. B. Weiss ne suka jagoranci aikin, aka nuna shi daga watan Afrilu na 2011 har zuwa 19 ga Mayu 2019, zango 8, kashi 73. An ɗauki hotunansa a Ailan ta Arewa, da Kuroshiya, da Sifen, har da Maroko.

Mu huɗu ne a fadar. Akwai wani ma'aikacin duwan da ya girme mu duka, muna ce masa Shef. Akwai malamin tarihi na wata kwaleji, shi ne Mushe. Akwai Alhaji, mai sayar da kayan gyaran babur a kasuwa. Sai ni. Ana nuna kowane sabon kashi daren Lahadi a Amurka, daidai da ƙarfe biyu na daren Litinin a nan, saboda haka sai da la'asar ɗin Litinin Alhaji ke aika yaron shagonsa da ɗan kile wurin masu ɗura fina-finai, a ba da dala ashirin a ɗuro mana. Da dare mu ɗora kwamfuta kan tabur, a ɗora shayi kan gawayi, inda wasan ya wuce kima wajen tsiraici kuma Mushe ya tura shi gaba. Ƴan wasan da Turancin Ingilishi suke magana, fassarar Faransanci tana ƙasan hoton, Alhaji kuwa bai yi lakwal ba. Sabili da haka aikin tafinta ya faɗo kaina: shekara biyar ina karanta rubutun Faransancin ina mayar da shi Hausa da baki, nan take.

Cikinmu kowa da nasa gwani, amma babu wanda ya kai Shef riƙo. Tasa ita ce Daenerys, marainiyar da aka kori gidansu daga sarauta, ɗan'uwanta ya aurar da ita ga wani sarkin mahaya don ya samu dakaru, ta tashi daga babu har ta mallaki dodanni uku. Ta ƴanta bayi a birni bayan birni, talakawa suna ɗaga ta sama suna kiran ta uwa. Shef ya kan ce, wannan ita ce mai gyara, duk sauran ɓarayi ne masu rawani. In ta bayyana kan allo ya kan aje kofin shayinsa. Ni kuma, tun da na ga yana jin daɗi, sai in ƙara ma maganarta gishiri, in mayar da ita kamar kirarin sarakuna, Alhaji yana kai hannu sama yana jinjina.

Kashi na biyar na zangon ƙarshe, wanda aka nuna ran 12 ga Mayu, shi ya fara rusa mana fada. Muna cikin azumi, ga zafin Yamai na wannan lokaci, mun taru bayan asham. Birnin sarauta ya miƙa wuya, an kaɗa ƙararrawa, dakarun sun yar da takubbansu. Sai ga Daenerys bisa dodonta tana bin tituna layi layi tana ƙone mata da yara da tsofaffi. Babu abin fassarawa a wurin, don haka na yi shiru, kowa ma ya yi shiru. Mako na gaba aka rufe labarin: Jon Snow, masoyinta, ya soke ta da wuƙa, dodon ya narkar da karagar da aka yi shekara takwas ana kashe juna a kanta, manyan ƙasa suka zauna suka naɗa Bran, yaron da ba ya iya tafiya, wanda bai taɓa neman sarauta ba. Shef ya miƙe ya ce an ci amanarsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Mutane fiye da miliyan 19 suka kalli kashin ƙarshe a daren farko ta hanyoyin HBO, kuma da yawansu sun tashi da fushi irin nasa. An buɗe takardar koke a Change.org ana neman a sake zangon gaba ɗaya da wasu marubuta, wadda ta tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya da rabi. An yi ta yawo da hoton kofin kofi na zamani da aka manta kan tabur cikin kashi na huɗu, da gorar ruwa ta roba da aka hango kusa da ƙafar wani ɗan wasa cikin na ƙarshe. An yi kukan cewa babban yaƙin kashi na uku, wanda aka kwashe dare 55 ana ɗauka, ya yi duhu har ba a ganin mai bugun wani. A Amurka ɗaruruwan iyaye sun riga sun raɗa ma ɗiyansu mata suna Khaleesi, laƙabin sarauniyar, sai ga su da jarirai masu sunan wadda ta ƙone birni. Sophie Turner, ɗaya daga cikin ƴan wasan, ta fito ta ce takardar koken rashin mutunta ma'aikatan da suka sha wahala ce. Duk da haka zangon ya ci kyautar Emmy ta wasan da ya fi kowane a 2019.

Da farko ina bayan masu fushi, kuma har yanzu ina ganin suna da hujja. Zanguna shida na farko kashi goma goma ne, na bakwai ya koma 7, na takwas 6. Tun wajen zango na shida wasan ya wuce inda littattafan suka tsaya, domin Martin bai gama na shida ba, marubutan talabijin suka ci gaba da abin da ya tsegunta masu da abin da suka ƙaga. Shi kansa Martin ya faɗa a bainar jama'a cewa labarin ya isa a kai shi zango goma ko fiye. Tafiyar da a da ake kwashe kashi uku ana yi sai ta koma ta minti biyar, mutanen da muka sani da wayo suka koma wawaye don labari ya yi sauri. Alhaji ya bayyana abin da harshen kasuwa. Ya ce: "Mutum ya shekara shida yana cika maka tiya har tana zuba, ran da ka saki jiki da shi sai ya danne gindinta. Hatsin dai shi ne, mudun ne ya canza." Wanda ya ba ka lokacinsa na shekara takwas yana da hakkin ya tambaye ka dalilin gaggawa, sauri kuwa an ce ya haifi nawa.

Mushe ne ya ƙi tsayawa nan. Ya juya ga Shef ya ce: "Yaya, ka yi mani haƙuri, amma ba yau ta fara ba." Ya shiga lissafi da yatsu kamar yana gaban allo. A zangon farko ta ɗaure wata mata ta ƙone ta da rai. A na biyu ta kulle mutum biyu cikin ɗakin ajiya su mutu da yunwa. A na huɗu, a birnin Meereen, ta gicciye masu bayi 163 ba tare da ta tambayi wane ne ya yi laifi wane ne bai yi ba. A na shida ta rufe sarakunan mahaya cikin ɗaki ta cinna masa wuta. A na bakwai ta ƙone uba da ɗansa, fursunonin yaƙi, sabili da sun ƙi durƙusa mata. Ya ce: "Duk waɗannan muna nan muna tafi. Ni da kaina na yi tafi." Shef ya ce waɗancan azzalumai ne, sun cancanta. Mushe ya ce wa ya yi masu shari'a? Magana ta yi zafi har Shef ya ce ba zai zauna yaro ya koya masa sanin mutane ba, shi da ya shekara ashirin yana buɗe kayan maƙaryata a bakin iyaka. Ya hau babur ɗinsa ya tafi, bai sha shayi na uku ba. Salla ta zo ta wuce bai leƙo fadar ba.

Bayan salla na karɓi tsofaffin zangunan na sake kallo ni kaɗai, ba mai jiran fassara. A nan na ci karo da abin da ya ba ni kunya. A zango na biyu, a ƙofar wani birni da aka hana ta shiga, Daenerys ta yi rantsuwa cewa in dodanninta suka girma za ta mayar da birane toka. Maganar a fili take cikin rubutun Faransancin. Na tuna sarai yadda na fassara ta a wancan dare: na ce sarauniya ta ce maƙiyanta za su ga abin da ya fi ƙarfinsu. Na cire biranen, na cire tokar. Ba wanda ya sa ni. Na so ta, na ga abokaina suna son ta, sai bakina ya riƙa share mata hanya, inda ta yi barazana in mai da ita jarunta, inda ta yi kisa in gaggauta in wuce. Alhaji, wanda ba shi da wata hanya ta jin maganarta sai ta bakina, shekara biyar yana sauraron wata sarauniya da ni na gyara masa. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, ni nawa son har ya hana wani ji.

Akwai kuma wani wuri cikin kashin ƙarshe da na lura da shi sai a kallo na biyu. Da manyan ƙasa suka zauna zaɓen sarki, Samwell, mai yawan karatu, ya kawo shawarar a bar kowa da kowa ya zaɓa, tun da kowa za a mulka. Manyan suka fashe da dariya, ɗaya ya kawo zancen karnukansa, wani na dokinsa. A daren farko mu ma mun yi dariyar tare da su, mu huɗu, ɗan kasuwa da ma'aikata, waɗanda in a Westeros muke ba za a ba mu ko tabarma a wannan zama ba. Hankalinmu duka yana ga wa zai hau, babu wanda ya tsaya kan yadda za a hau.

Don haka yau in aka tambaye ni ra'ayina kan fushin masoya wannan wasa, sai in ce fushi biyu ne aka zuba cikin ƙwarya ɗaya. Na farko na wanda aka yi ma gaggawa ne, kuma halas ne: juyin da ya kamata a gina cikin zango guda an yi shi cikin kashi biyu, Benioff da Weiss ba za su kuɓuta daga wannan zargi ba. Na biyu na wanda aka nuna ma abin da ya daɗe yana kau da kai daga gare shi ne. Mun yi mubaya'a ga mai wuta a hannu muddin waɗanda take ƙonewa ba namu ba ne, da wutar ta iso ga talakawan birni sai muka ce marubuta sun sauya mata hali. Raunin rubutun ya ba mu mafaka, muka ɓoye fushi na biyu cikin na farko. Ban san adadin masu sa hannu a takardar koken da ke cikin wannan hali ba, amma na san na fadarmu, kuma ina cikinsu.

Na je gidan Shef na faɗa masa abin da na gano game da fassarata. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Ƙanena, ni ai ina karanta Faransancin da kaina." Daga nan ya sa aka kawo mani ruwa, muka shiga zancen damina.

A watan Agusta na 2022 HBO ta fara nuna House of the Dragon, labarin kakannin Daenerys, kusan mutum miliyan 10 suka kalli kashin farko a Amurka a darensa, alhali an yi ta rantsuwa a 2019 cewa an bar Westeros har abada. Ran Litinin ɗin, bayan isha'i, sai ga Shef a ƙofar fada da ɗan kile cikin aljihu. Kafin a kunna, Alhaji ya kafa mani sharaɗi gaban kowa: in faɗi abin da aka rubuta kamar yadda aka rubuta shi, ko da daɗi ko ba daɗi, in kuma na ƙara gishiri Mushe ya tsayar da hoton. Na amince, kuma sau biyu aka tsayar da ni a wannan dare.

Allah ya sa mu dace. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.