Sunan Gari Rumbun Tarihi Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna tuni game da sunayen garuruwanmu.

Magabata ba su raɗa wa wuri suna a banza. Mutanen Sin na dā, da suka ce Beijin, nufinsu babban birnin arewa, Nanjin kuwa na kudu, mai jin harshensu ya san matsayin kowanne. Haka abin yake gare mu. Masu tarihi sun ce birninmu ya ci sunan Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, ƙasar kuwa Zazzau ce. Sabon Gari sunansa ya faɗi shekarunsa, don bayan zuwan jirgin ƙasa ya kafu.

Ku dubi Abuja. Zamanin jihadi Sarki Makau ya bar Zariya ya yi kudu. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. A 1976 aka ba sabon babban birnin Nijeriya sunan, tsohon garin ya koma Suleja, don Sarki Sulaimanu Barau. Yau yara nawa suka san Bazazzagi ne mai sunan?

Saboda haka ina roƙon kowane malami ya tambayi dattawan unguwarsu asalin sunanta, ya rubuta tun suna da rai. In suka ƙaura, wa za mu tambaya?

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malami,
Tudun Wada, Zariya.