Allo da alƙalami a mashigar Ƙwanni

A lise an karantar da mu Victor Hugo da Lamartine. Sai da na girma na ji daga bakin malaman zaure cewa a Maratta, kusa da Galmi ta albasa, aka haifi Shehu Usman ɗan Fodiyo a 1754, kuma nan Ƙwanni kakanninsa Toronkawa suka sauka bayan sun baro Futa Toro. Littattafansa sun haura 100. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa.

Masu ziyara na ratsa garinmu, su bi ta Illela zuwa Hubbare a Sakkwato, mu kuwa sai kallon ƙurar motocinsu.

Malamanmu ba za su yarda da mutum-mutumi ba, kuma da gaskiyarsu. To, me zai hana a kafa babban allo da alƙalami da kurtun tawada a mashigar gari? Simintin Malbaza na nan, maƙera da magina na nan. Magajin gari ya ba da fili, ƴan kasuwa da ma'aikata su haɗa gudummawa. Yaron da ya tambayi ma'anar allon, ranar nan zai ji tarihin garinsu.

Allah ya sa masu abin su ji.