"Incense": Turare da Fushi a Kasko Ɗaya

A ƙamus na Ingilishi, kalmar "incense" tana da mazauni biyu, kuma wanda ya gan su a jere zai iya zaton kuskuren maɗaba'a ne. Na farko suna ne: turaren wuta, irin wanda ake barbaɗawa a kasko. Na biyu aikatau ne: a fusata mutum har ya hasala. Rubutunsu ɗaya, a baki ake raba su. Idan turare ake nufi, nauyin murya yana sauka kan gaɓar farko. Idan fusatarwa ce, sai ya koma kan ta biyu.

Wuta ce ta haɗa su. Dukansu sun samo asali daga aikatau na harshen Latin, "incendere", wato cinna wuta. Sunan turaren ne ya fara shiga Ingilishi, ta hannun tsohon Faransanci, a ƙarni na 13, yana nufin abin da ake ƙonawa a wurin ibada. Aikatau ɗin ya biyo baya a ƙarni na 15, kuma da fari bai tsaya kan fushi kaɗai ba: ana iya hura wa mutum wutar kishi, ko ta sha'awa, ko ta jarumta. Har a zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, kalmar tana ɗauke da ma'anar zuga. Sannu a hankali sauran ma'anonin suka dushe, fushi ya gaje gidan.

Faransanci kuwa ya bi wata hanya dabam. A can "encenser" na nufin a turara, daga nan ya zama kambama mutum da yabo. Saboda haka ɗan Damagaram ko Maraɗi da ya yi boko da Faransanci, idan ya karanta a jaridar Legas cewa jawabin gwamna ya bar ma'aikata "incensed", yana iya fahimtar an yi musu kirari ne, alhali ransu ne ya ɓaci.

A amfanin yau, kalmar ta fi "annoy" nauyi nesa ba kusa ba. Sauro ko cunkoson motoci ba sa kai mutum wannan matsayi. Ana ajiye ta ne domin fushin wanda yake ganin an zalunce shi, ko an taɓa mutuncinsa, ko an keta wani abu da yake girmamawa. Ke nan tana zuwa da ɗan uzuri a cikinta: mai fushin yana da dalili. Sannan galibi takan zo a sigar wanda aka yi wa aiki, "incensed by" ko "incensed at", ta yadda idon mai karatu zai tsaya kan wanda ya kama da wuta, ya manta da mai ashana.

A nan ne lamarin ya daina zama na ƙamus. Jaridun Ingilishi na Najeriya sun saba rubuta "incensed mob" ko "irate youths" duk lokacin da taron jama'a ya ƙone shago ko ya kashe wanda ake zargi, kafofin Hausa kuma su mayar da shi "fusatattun matasa". Fassarar ta yi daidai da lafazi, amma ta kwaso uzurin gaba ɗaya. Mutanen da suka ɗauki duwatsu da fetur da hannunsu sun koma tamkar busasshiyar ciyawa da wuta ta faɗa wa, ita kuwa ciyawa ba a gurfanar da ita gaban alƙali. Kafin a ambaci sunan mamaci, an riga an sanar da mai sauraro cewa makasan suna da hujjar fushi.

Hausa tana da kalmar da ta fi kusa da tsohuwar ma'anar "incense", wato tunzura. Fusata na iya tsayawa ita kaɗai, a ce matasa sun fusata, a rufe zance. Tunzura kuwa sai da mai yi. Editan da ya ga "matasan da aka tunzura" a rubutun wakilinsa dole ya ɗaga waya ya tambaya wa ya tunzura su. Sau da yawa amsar ba ta wuce ihun "ɓarawo" da wani ya yi a bakin kasuwa, ko saƙon murya da ya zagaya WhatsApp da safiyar ranar ba.