Boka yana yin komai, to wa zai koyi haƙa rijiya?

Tun jiya abin nan yake cin raina, kuma kun san ni, in ban rubuta ba hankalina ba ya kwanciya. Ɗan yayata, wanda kuke gani yana taya ni gyaran waya a shago a nan Gawon Nama, ya kawo mini littafin da shi da abokansa suke tsara wasan kwamfuta a ciki. Sun zana taswira, sun raɗa wa garuruwa suna, ga sarakuna, ga bokaye, ga aljanu. Na ji daɗi ƙwarai, don na sha faɗa a nan cewa yaranmu su daina zama 'yan kallo su fara ƙirƙira. Sai na ga sun rubuta cewa daular da ke cikin wasan ta shekara dubu biyar, kuma tun kafuwarta har yau takobi ne da kwari da baka. Na ce masa, duk tsawon shekarun nan ba wanda ya gyara ko garma? Ya ce, "Kawu, ai duniyar tsafi ce, boka yana yin komai."

Wannan amsa ce ta ɓata mini rai. Ban ga laifin yaron ba, don abin da ya tarar ke nan. Duk wanda ya buga Skyrim, wasan da ya fito a 2011, ya shiga kufan wata al'umma da ta ƙera injuna masu aiki da tururi ta kuma ɓace tun dubban shekaru. Injunan suna nan suna motsi a ƙarƙashin ƙasa, mutanen da ke sama kuwa suna yawo da gatari da garkuwa, ba a ga sun kwashi fasahar sun gyara rayuwarsu da ita ba. Littattafan yaƙin da muka karanta muna yara ma haka suke: zobe ɗaya ko aljani ɗaya ya gama komai, gari kuwa yana nan yadda kakanni suka bar shi.

To mu tsaya mu yi tunani kamar masu tsara duniya da gaske. Idan boka zai tofa wa mutum karaya ta ɗoru nan take, wa zai zauna shekaru yana koyon yadda ƙashi yake haɗuwa? Idan mutum zai ɓace a Sakkwato ya bayyana a Kano, babu fatake, babu madugu, babu zango, kuma duk garuruwan da suka kafu saboda ayari yana yada zango a cikinsu ba za su wanzu ba. Idan ana kiran ruwan sama da baki, ba mai haƙa rijiya gaba ashirin, ba mai gina rumbu don gudun fari. Duk wata sana'a da muke taƙama da ita matsuwa ce ta haife ta. Ka cire matsuwar, ka cire sana'ar. Har nan yaron yana da gaskiya.

Inda suka yi sakaci shi ne ba su tambayi kansu a hannun wa tsafin yake ba. Idan gado ne na gidaje uku ko huɗu, to su ne sarakuna, ko su ne masu naɗa sarki, kuma ba za su taɓa barin ɗan talaka ya ƙera abin da zai sa a daina zuwa ƙofarsu ba. Irin wannan duniyar za ta tsaya cik, amma danniya ce ta tsayar da ita, kuma wannan labari ne mai kyau da ya kamata mai wasa ya gani da idonsa: maƙerin da aka rufe wa maƙera, yarinyar da ta gano magani aka kore ta daga gari. Idan kuma abin ana koyonsa ne kamar karatu, to cikin shekara ɗari za ka ga makarantu, da kasuwarsa, da haraji a kansa, da masu kuɗi sun saye shi. Final Fantasy VII, tun 1997, ya bi wannan hanya: wani kamfani yana zuƙo ƙarfin ruhin ƙasa yana mayar da shi wutar lantarki, attajirai a saman birni, talakawa a ƙarƙashinsu ba sa ganin rana. Ko ka so wasan ko ka ƙi, masu shi sun yi tunani. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ce shekara dubu biyar ba wanda ya yi hassada, ba wanda ya saci sirri, ba wanda ya gwada wata dabara.

Na san abin da wasu za su rubuta mini. Za a ce Malam ya koma tallar tsafi. Wallahi ban yi ba. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi a kan masu cakuɗa addini da bokanci tun kafin jihadin 1804. Maganar tatsuniya nake yi, kuma kakanninmu mata sun ba mu labarin Gizo da Dodo ba su kafirta ba. Abubakar Imam ya sa Alhaji Imam ya shiga duniyar aljanu a Ruwan Bagaja, aka karanta shi a makarantunmu shekara da shekaru. Wasu kuma za su ce wasan yara ne, me ya yi zafi? Ku leƙa gidajen gem bayan la'asar ku ƙirga yaran da ke ciki. Abin da yaro yake kallo kullum shi ne yake koya masa yadda ake samun nasara a duniya.

Kuma a nan ne abin ya fi damuna, don maganar "boka yana yin komai" ba a cikin wasa kaɗai take ba. Sau nawa muka ji an harbe mutum wajen gwajin maganin bindiga? A ƙasar Tanzaniya ta yau, daga 1905 zuwa 1907, jama'a sun tashi wa Jamusawa bisa alkawarin cewa wani ruwa zai mayar da harsashi ruwa. Zaluncin da suka ƙi gaskiya ne, jarumtarsu ma gaskiya ce, amma harsashi bai narke ba, aka kashe dubbai. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan kusa da mu, amma sai ciwo ya ci ƙarfin mutum, an gama zagaye gidajen masu cewa jifa ne, sannan a kawo shi. A shagona ma sai a kawo mini yaro koyon gyara, bayan wata biyu ya ce in faɗa masa sirrin. Babu wani sirri sai zama da haƙuri da ƙona yatsa.

Ga kuma ɗaya ɓarnar, wadda ta fi kama da gidajen bokayen cikin wasan. Muna da masu ilimi na gaske, maɗora, wanzamai, maƙera, majema, sarkawa, masu sanin itatuwa. Da yawansu ba sa koya wa kowa sai ɗan cikinsu, ɗan kuma ya tafi acaɓa. Tsoho ya rasu, a binne shi da abin da ya sani. Abin da ba a rubuta ba, ba a gwada shi a gaban jama'a ba, ba ya ƙaruwa, kullum raguwa yake.

Alhali magabatanmu ba haka suka yi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani. Da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema har da a turo masa likita, da Clapperton ya dawo kuma ya kawo masa littafin lissafi na Iƙilidis da Larabci, ya same shi zaune yana nazarinsa. Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin tsara lambobi a cikin hatimi, kuma saboda ya rubuta, masana lissafi suna nazarin aikinsa har yanzu. Ku je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ku ga rubuce-rubucen hannu. Mutanen da suka bar wannan gado ba masu jiran a yi musu komai ba ne.

Saboda haka shawarata ga duk yaron da ke son gina irin wannan duniya: kafin ka zana takobi, rubuta wa ke da tsafin, me yake biya kafin ya same shi, kuma me wanda ba shi da shi yake yi don ya rayu. Na ukun nan shi ne gwarzonka. Kada ku ce ba zai yiwu daga nan ba, matasa a Yawunde ta Kamaru sun fitar da wasan Aurion a 2016 da labarin da suka gina a kan al'adun Afirka. Ku kuma iyaye, duk mai tsoho a gida wanda ya san wata sana'a, ya ɗauki waya da littafi ya je ya zauna a gabansa wannan makon, ya nemi izini ya rubuta. Wanda ya yi, ya turo mini, zan taimaka a buga shi a kwamfuta kyauta. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu da son banza.