Fentin Ƙananan Sojoji

Sojan wasan tebur, irin na Warhammer da kamfanin Games Workshop ke yi a Nottingham ta Ingila, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Duk da haka yana da ido, da maɓallin riga, da kuben takobi. Fenti mai kauri sai ya cike su duka, fuska ta koma dunƙule.

Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da fentin akirilik. Da ruwa ake tsinka shi, yana bushewa cikin 'yan mintoci, kuma ba shi da warin fentin mai. Na kamfanin Vallejo, daga Sifaniya, a kwalba mai ɗigo yake zuwa, sai ka ɗiga daidai buƙata. Na Citadel kuwa yawanci a 'yar roba mai murfi yake, in ka bar ta a buɗe ya daskare.

Ban ga amfanin tara kala hamsin ba. Ja, shuɗi, rawaya, fari, baƙi da ruwan ƙasa sun ishi mai farawa, sauran ya haɗa da kansa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, muddin ka bari na farko ya bushe.