Daga Karaye Zuwa Rogo: Abin Da Muka Koyo Wurin Masu Cin Abinci Da Na'ura

Ranar wata Talata cikin hunturu muka tashi daga Kano da sassafe, hazo ya rufe gari, da ƙyar direba ke hangen motar da ke gabansa. Muka bi ta Kabuga, muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, muka miƙa hanyar Gwarzo, daga baya muka karkata kudu zuwa Karaye. Abin da ya fito da mu wata tambaya ce da ɗalibai suka sha aiko mana: wanda yake zaune a garin da wuta ba ta zama, ga ƙura ga zafi, yaya zai yi waya ko kwamfuta ta daɗe a hannunsa? Muka ga babu wanda zai amsa wannan kamar mutanen da abincinsu ya dogara da na'ura a irin waɗannan garuruwa.

Karaye tsohon gari ne. Tarihin Kano ya ambace shi a ƙarni na 17, lokacin da Wambai Giwa ya zauna a nan yana kare ƙasar Kano ta ɓangaren Katsina. An ba garin masarauta a 2019, aka rushe ta a 2024, sannan a shekarar aka maido da ita a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu a ƙarƙashinta, Karaye da Rogo. Su ne muka yi niyyar zagawa a wuni ɗaya.

Wuta ta fi ɓarawo ɓarna

Zangonmu na farko wani shagon buga takardu ne a cikin gari. Mun tarar da layi: wani dattijo da takardar gona, 'yan mata biyu da ke son hoton fasfo, da wani malami riƙe da tambayoyin jarrabawa. Mai shagon saurayi ne, yana da laftof ɗaya, firinta biyu da injin fotokofi. Muna tsaye aka kawo wuta. Mun zaci zai yi murna ya jona komai, sai muka ga ya zauna yana kallon sitabilaiza.

"Malam, ba ka ga an kawo wuta ba?" in ji ɗayanmu.

"Na gani, Yallaɓai. Ina jira ta zauna tukuna. Farkon zuwanta ne take ƙona kaya."

Ya ce ya taɓa asarar firinta da caja uku a dare ɗaya saboda ya tafi gida ya bar su a jone. Wutar gida a Najeriya an tsara ta a kan bolt 230, amma takan yi ƙasa sosai, takan kuma yi sama farat ɗaya. Shi ya sa yanzu duk abin da ke shagon sai ya bi ta sitabilaiza, idan zai rufe kuma yana zare komai daga soket. Ya ƙara da cewa janareta ma haka ne: a tayar da shi, a bar shi ya daidaita, sannan a jona kaya, kafin a kashe shi kuma a fara cire su.

Muka tambaye shi dalilin firinta biyu. Ya nuna babbar, mai aiki da hoda. Ita tana da sauri, bugunta ba ya jiƙewa, amma tana gasa hodar ne a jikin takarda da zafi, don haka tana jan wuta ɗaruruwan wat. Idan ka ɗora ta a ƙaramar inbata, nan take inbatar za ta yi kuka ta mutu. Ƙaramar mai tawada kuwa wutar da take ci ba ta fi ta ƙwai ɗaya ko biyu ba, da ita yake aiki idan sola kaɗai ke akwai. Matsalarta guda: idan aka bar ta mako biyu ba bugu a wannan iska ta hunturu, tawadar kan bushe a bakinta. Don haka ko babu ciniki yakan buga shafi ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku.

Ga wanda gidansu ko makarantarsu ke shirin sa sola, ya koya mana lissafi mai sauƙi. Duba jikin caja, za ka ga yawan wat. Laftof mai wat 65 idan ta yi aikin awa biyar ta ci 325. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, amma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. Ka tara abin da kayanka ke ci, sannan ka je kasuwa. Wanda ya tafi ba lissafi, abin da mai kaya ya ga dama shi zai ɗora masa.

Ofishin da ke da lulluɓi

Daga nan muka leƙa wani ofishi inda wani akawu mai furfura ya karɓe mu. Abin da ya fara ba mu dariya, kwamfutarsa da firintarsa duk an lulluɓe su da tsohon zanen gado. Ya ce, "Ku yi dariya, 'ya'yana, amma wannan zanen ya girmi kwamfutoci uku na maƙwabta." Ƙura tana shiga ta kafofin iska ta toshe fankar ciki, na'ura ta yi zafi, ta fara nauyi, wata rana ta ɗauke gaba ɗaya. Shi kan share kibod da busasshen burushin fenti, ba ya bari a ɗora laftof a kan katifa ko darduma domin ta ƙasa take numfashi, kuma ba a shan shayi a kan teburinsa.

Sai dai darasin da ya fi ci masa rai ba na ƙura ba ne. Wata shekara wani ya kawo fulash a buga masa wasiƙa. Da aka soka shi, washegari duk fayilolin ofis suka koma 'yan gajerun alamomi marasa buɗuwa, ciki har da jerin sunaye da ya yi wata guda yana shigarwa. Sai da ya sake bugawa daga farko, daga littafin rajista. Tun daga ranar ya kafa doka uku. Fulash ɗin baƙo ba ya shiga kwamfutarsa, mai takarda ya turo ta imel ko WhatsApp. Duk aiki mai muhimmanci yana da kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a fulash da ke cikin durowa, ɗaya a intanet. Na uku kuma, yatsunsa ba sa nisa da Ctrl da S, domin ba a sallama kafin a ɗauke wuta.

Ya nuna mana yadda yake sa wa fayil suna: shekara, wata, sannan abin da ke ciki. Ya ce wanda ya sa wa takarda suna "sabo" ko "na ƙarshe", bayan wata uku zai tarar da "na ƙarshe" guda bakwai. Idan kuma takarda za ta je wani wuri a buga, a mayar da ita PDF, domin kada layuka su watse, kada kuma haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su zama akwatuna. A waya, manhajar Gboard tana da kibod na Hausa, sai dai mutum ya shiga saiti ya ƙara shi.

A bakin dam

Da rana ta take muka nufi madatsar ruwa ta Challawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Karaye. An kammala ta a 1992, tsayinta mita 42, tsawonta kuma ya kusa kilomita takwas. Ruwa ne iya ganinka, ga masunta a kwale-kwale, ga masu noman rani a gefe. Nan ɗayanmu, wanda tun daga Kano yake alfahari da sabon fawa bank ɗinsa, ya ga wayarsa ta ƙi caji, ta rubuta masa cewa ta yi zafi. Ashe a gaban mota ya bar su cikin rana.

Batirin waya ba shi da maƙiyi kamar zafi. Barin waya a rana, cusa ta ƙarƙashin filo tana caji, ko buga gem tana jone, duk suna rage masa kwana. Ya fi son ya riƙa yawo tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari a kan a bar shi ya mutu murus kullum. Idan kuwa ka ga bayan waya ya ɗago, batir ya kumbura ke nan. Kada a danna shi, kada a huda shi, a daina cajinsa a kai wa mai gyara, domin yana iya kamawa da wuta.

Shi ma fawa bank akwai abin sani. Wanda aka rubuta wa 10,000 ba zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta wurin juya ta, abin da ke isa waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau alhali an rubuta masa lamba mai yawa, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado.

Yaron da ke Rogo

Bayan la'asar muka shiga Rogo, ƙasar noma da ke iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. A hanya mun yi ta wuce gonakin rake da buhunan masara. Muka tsaya a wani shagon cajin waya da ke haɗe da POS, inda wayoyi suka fi hamsin a kan katako, kowace da 'yar lamba manne a bayanta. A kan benci muka ga wani yaro ɗan aji shida na sakandare, ya yi tagumi.

Mai shagon ya ba mu labari da izininsa. Yaron ya fara rajistar JAMB. Tun 2021 ba a yin ta sai da lambar NIN: ɗalibi zai tura lambar tasa ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, a maido masa da lambar da zai ci gaba da rajista da ita. Daga nan layin da ya yi amfani da shi ya zama nasa a wurin hukumar, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa, da shi kuma ake duba sakamako. To wayar yaron ta faɗi a kasuwa. Da ya je a dawo masa da layin, sai aka ce ba da sunansa aka yi masa rajista ba, da sunan kawunsa ne, wanda ya saya masa shi tun yana aji uku. Kawun kuwa ya tafi cirani Kudu.

"Yaya, ni wayar ba ta dame ni ba," in ji yaron. "Layin nake so. Baba ya sayar da buhu guda saboda wannan jarrabawar."

Muna nan aka samu kawun a waya. Ya ce zai je ofishin kamfanin layin a can inda yake, da katinsa, a sabunta, sannan ya ba direban mota ya kawo. Ko zai iso kafin a rufe rajista, Allah ne masani. Mai shagon ya ce duk shekara sai ya ga irin wannan, wani ma da layin mai shagon intanet ya yi rajista, ya dawo bai same shi ba.

Saboda haka, ƙannenmu da ke aji biyar da aji shida, tun yanzu ku mallaki layin da za ku iya dawo da shi idan ya ɓata. Wanda shekarunsa ba su kai a yi masa da sunansa ba, ya yi da sunan mahaifi ko mahaifiyar da yake gida ɗaya da su. Ku riƙa sa masa kati kuna kira da shi, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya ba wani. Ku danna *#06# ku kwafe lambar jikin wayarku a littafi, tare da adireshin imel ɗinku. Ku kuma duba sunanku da ranar haihuwarku a NIN, ku tabbatar sun yi daidai da na takardun makaranta.

Kafin mu tashi mai shagon ya ƙara mana ɗaya. Duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lamba shida da ta shigo wayarka, ko ya ce daga banki yake, ko daga zauren makarantarku na WhatsApp, kashe wayarka. Lambar nan ita ce mukullin ɗakinka. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin sa lambar sirri ta biyu, minti biyu ya isa a yi ta. Shi da kansa ba ya karɓar cajin wayar da ba ta da makulli sai ya ce wa mai ita ya sa.

Mun bar Rogo ana kiran magariba. Yaron ya raka mu har bakin mota, ya tambaye mu ko gaskiya ne ana iya amsa jarrabawar JAMB ba tare da linzamin kwamfuta ba. Muka ce gaskiya ne: A, B, C da D na zaɓen amsa, N ta kai ka tambaya ta gaba, P ta dawo da kai baya. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa, ya ce gobe zai roƙi mai shagon buga takardu ya bar shi ya taɓa kibod ko na rabin awa ne, kafin layin ya iso.